Inshora Ta Ƙi Biyan Allurar Rage Ƙiba da Likita Ta Rubuta Mini, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, inshorar lafiyata kuma ta wurin aiki ce. Tsawona mita 1.62, nauyina kilo 90, ina da hawan jini, sukarina ya ɗan hau amma likita ta ce bai kai ciwon sukari ba. Ta rubuta mini Wegovy, da na je kantin magani aka ce inshora ta ƙi, in dai ina so sai in riƙa kawo sama da dala dubu ɗaya duk wata. Abin da ya ɗaure mini kai, wata da muke aiki tare tana karɓar Ozempic da kati irin nawa, kuma an ce maganin ɗaya ne. Wasu sun ba ni shawarar in roƙi likita ta rubuta cewa ina da ciwon sukari. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai harhaɗa magunguna ne, kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin aikina ya koma cike takardun neman izini da jayayya da kamfanonin inshora a kan irin wannan allurar. Saboda haka tambayar taki ba baƙuwa ba ce a wurina.

Kafin ki ɓata lokacinki ko ranki, ki fara gano wace irin "a'a" aka yi miki, domin iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ke nufin tsarin inshorar taki ya amince da maganin rage ƙiba, sai dai ba a cika masa sharaɗi ba tukuna. Akwai kuma wadda ke nufin tun farko an cire wannan rukunin magani daga yarjejeniyar, ko wane ne ya nema. Ta farko da takarda ake cin ta, kuma sau da yawa ana ci. Ta biyun, ko likitoci goma suka sa hannu a wasiƙa, kamfanin inshora ba zai motsa ba, don ba a hannunsa maganar take ba. Na ga mutane sun shafe wata uku suna ɗaukaka ƙara a kan irin ta biyun, alhali ƙofar da suke bugawa bango ne aka yi wa fenti.

Hanya mafi sauri ita ce ki koma kantin ki tambayi mai ba da magani lambar da ta fito a kwamfutarsa lokacin da aka ƙi. Lambobin nan iri ɗaya ne a duk kantunan ƙasar. Idan 75 ce, ma'anarta sai an nemi izini tukuna, wato ƙofa a buɗe take. Idan 70 ce, ma'anarta ba a biyan wannan maganin, sai ki kira lambar wayar da ke bayan katinki ki yi tambaya ɗaya tak: shin duk magungunan rage ƙiba ne tsarina ya cire, ko kuwa wannan ɗin ne kawai ba ya cikin jerinku? Ki rubuta ranar da sunan wanda ya amsa miki da lambar kiran. Bambancin yana da muhimmanci, domin wani lokaci Wegovy ne ba ya cikin jerin amma Zepbound, wata allurar rage ƙiba ta wani kamfani, na ciki, ko akasin haka. Misali, daga 1 ga Yulin 2025 kamfanin CVS Caremark ya cire Zepbound daga babban jerinsa ya bar Wegovy. Irin wannan shawarar ciniki ce, ta ragin farashi tsakanin masu yin magani da dillalan da ke tsara jerin magunguna wa inshora, waɗanda uku daga cikinsu, CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, suke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na kasuwar. Idan matsalarki kenan, likita ta canza suna a takarda, magana ta ƙare.

Batun abokiyar aikinki kuwa, abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Ozempic da Wegovy sinadari ɗaya ne, semaglutide, kamfani ɗaya ke yin su, Novo Nordisk na ƙasar Denmak. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ozempic a Disambar 2017 don ciwon sukari nau'i na biyu, sannan ta amince da Wegovy a Yunin 2021 don ƙiba, da adadi mafi girma, miligram 2.4 a mako. Haka Mounjaro da Zepbound na kamfanin Eli Lilly suke: dukansu tirzepatide ne, na farko na ciwon sukari tun Mayun 2022, na biyu na ƙiba tun Nuwamban 2023. Inshora ba ruwanta da abin da ke cikin allurar. Abin da take dubawa shi ne cutar da aka rubuta da sunan da hukuma ta yi wa maganin rajista a kanta. Ciwon sukari babu wanda ke musun cewa cuta ce da dole a biya. Ƙiba kuwa har yau akwai tsare-tsaren da ke ajiye ta a layi ɗaya da gyaran fata da tsirar gashi, duk da cewa Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ayyana ta a matsayin cuta tun 2013.

Wannan kallon yana da tarihi, kuma ba duka son kai ba ne. Magungunan rage ƙiba na da sun bar mummunan suna. A 1997 aka janye fenfluramine, rabin haɗin nan da ake kira fen-fen, bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. A 2010 aka janye sibutramine saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, a 2020 kuma lorcaserin saboda fargabar daji. Lokacin da majalisa ta kafa sashen magani na Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, a dokar 2003, sai ta rubuta ƙarara cewa ban da maganin rage nauyi. Medicaid kuma, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, an bar wa kowace jiha zaɓi, yawancinsu ba sa biya. Kamfanoni masu zaman kansu suka bi sawun gwamnati, jimlar nan ta zauna a yarjejeniyoyi shekara da shekaru babu mai ɗaga ta, don magungunan lokacin ba su da wani tasirin da za a yi faɗa a kansa.

Yanzu kiɗa ya canza. A gwajin da ake kira STEP 1, masu amfani da semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. A gwajin SURMOUNT-1, masu ɗaukar adadi mafi girma na tirzepatide sun rage kusan kashi 21 a mako 72. Kafin zuwan waɗannan, babu ƙwayar da ta taɓa yin kusa da haka. To amma a idon mai biyan kuɗi, ingancin nan shi ne ya zama masa ciwon kai. Kusan kashi 40 cikin ɗari na manyan Amurka na da ƙiba, farashin Wegovy na takarda ya fito a kusan dala 1,350 a wata, Zepbound kuma a kusan 1,060, sannan ba magani ba ne na wata uku a daina. Waɗanda aka bi bayan sun bar semaglutide a STEP 1 sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara ɗaya. Ga kuma lissafin da ba a cika faɗa a fili ba: kamfanin da ya biya miki allura yau, amfanin zai fito ne bayan shekara goma ko sha biyar, lokacin da bugun zuciyar da ya kamata ya zo bai zo ba, a lokacin kuwa wataƙila kin canza aiki ko kin koma Medicare. Shi ya biya, wani ya ci riba. Da irin wannan lissafin tsarin lafiyar ma'aikatan jihar Karolina ta Arewa, mai ɗauke da mutum wajen 750,000, ya daina biyan allurar don ƙiba daga Afrilun 2024. Ban ce lissafin daidai ne ba, a ganina gajeren tunani ne, amma ki san shi don ki san da wa kike magana.

Shawarar a rubuta miki ciwon sukarin ƙarya, ki bar ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuma ya fi ko'ina ƙurewa. Kamfanoni da yawa yanzu ba sa yarda da lambar cuta kawai, sai an haɗa musu sakamakon gwajin sukarin jini na A1c da ya kai 6.5 ko fiye, naki kuwa, tunda an ce ya ɗan hau, yana tsakanin 5.7 da 6.4. Likitar da ta rubuta abin da ba shi ba ta sa lasisinta a haɗari, don zamba ce a doka. Ke kuma cutar za ta zauna a fayil ɗinki ta bi ki duk inda kika je, ta fito ranar da kika nemi inshorar rai, ta kuma ruɗa likitan da zai duba ki nan gaba. Likitar kirki za ta ƙi, kuma roƙon kaɗai na iya ɓata abin da ke tsakaninku, alhali ita ce za ki fi buƙata a wannan tafiyar.

Mu ɗauka lambar 75 ce ta fito a kanti, wato ta neman izini. A ƙa'idar da aka yi wa magungunan nan gwaji, kin cancanta. Ma'aunin BMI shi ne nauyi a kilo a raba da tsawo a mita sau kansa, naki ya kama 34.3. Sharaɗin da aka saba da shi 30 ne zuwa sama, ko 27 tare da wata cuta mai alaƙa da nauyi kamar hawan jini. Kin wuce ta duka hanyoyin biyu. Sai dai wasu tsare-tsaren sun ɗaga nasu sharaɗin zuwa 35 ko ma 40 don rage masu nema, saboda haka ki ce a aiko miki da rubutattun sharuɗɗan wannan maganin, haƙƙinki ne, ki kai wa likita kafin ta cike komai. Abin da ke kashe yawancin buƙatu ba rashin cancanta ba ne, giɓi ne a fayil. Ana son nauyi da tsawo da aka auna a asibiti da kwanan wata, ba wanda kika faɗa da baki ba. Ana son shaidar cewa kin gwada gyaran abinci da motsa jiki na wata uku ko shida, kuma shaidar nan sai an gan ta a rubuce: ganawa da masaniyar abinci, rasit na wani shiri, ko bayanin likita a ziyarce-ziyarcen baya. Na taɓa ganin an mayar da takardar wata baiwar Allah har sau biyu saboda an rubuta BMI amma an bar gurbin tsawo fanko. Mako biyar suka tafi a kan lamba ɗaya.

Wasu kuma za su ce sai kin fara gwada mai araha. Akwai phentermine, wanda ke kasuwa tun 1959, da Qsymia da Contrave da orlistat. A nan hawan jininki na iya zama hujja a gare ki, domin phentermine da Contrave duka suna iya ɗaga jini, kuma ba a ba da su ga wanda jininsa bai daidaita ba. Idan likita ta ga haka lamarinki yake, ta rubuta shi a fili ta nemi a tsallake matakin. Idan kuma jinin naki a daidaite yake, kada ki raina su. Ba su kai allurar ƙarfi ba, amma akwai waɗanda suke yi wa aiki, idan kuma bai yi ba kin samu shaidar da ake nema.

In an ƙi bayan duk wannan, sai ɗaukaka ƙara. Ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010 kina da kwana 180 daga ranar da aka sanar da ke, su kuma dole su amsa cikin kwana 30 idan maganin da ba ki riga kin karɓa ba ne, ko awa 72 idan na gaggawa ne. Kafin ma a kai ga haka, likitarki na iya neman a haɗa ta a waya da likitan kamfanin, sau da yawa hirar minti goma na warware abin da takarda ta kasa. Wasiƙar ƙara kada ta zama ta kuka ko ta zagi, mai karantawa yana da jerin sharuɗɗa a gabansa yana sa alama. A ɗauko dalilin da suka bayar kalma da kalma, a amsa shi da shafin fayil ɗin da ke rushe shi. Idan suka sake ƙi, kina da wata huɗu ki nemi masu bita na waje, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, hukuncinsu kuma dole kamfanin ya bi. Abin takaici, binciken KFF, cibiyar nazarin harkokin lafiya, ya nuna ko kashi ɗaya cikin ɗari na buƙatun da aka ƙi a inshorar da mutane ke saya da kansu ta kasuwar da gwamnati ta kafa ba a ɗaukaka ƙara a kansu. Mutane na ganin wasiƙar farko sai su haƙura.

To idan an cire rukunin gaba ɗaya fa? Bitar waje ba za ta taimaka ba, don aikinta duba hukuncin likitanci ne, ba sauya yarjejeniya ba. A nan sai ki san wani abu da ma'aikata da yawa ba su sani ba. Kusan kashi biyu cikin uku na masu inshorar wurin aiki a Amurka, ma'aikatarsu ce ke biyan kuɗin magani daga asusunta, kamfanin da sunansa ke kan katin ɗan aike ne kawai mai riƙe littafi. Irin waɗannan tsare-tsaren dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ke kula da su, dokokin jiha ba sa hawa kansu. Ma'ana, wanda ya ce a cire maganin ƙiba yana cikin ginin da kike zuwa aiki kullum. Ki rubuta wa ofishin kula da ma'aikata ki nemi takardar bayanin tsarin inshorar, dole su ba ki cikin kwana 30 idan a rubuce kika nema. Ki tambaya ko suna yin togiya ga mutum ɗaya, wasu na yi. In ba sa yi, ki nemi a duba batun a shekara mai zuwa, kuma ki yi maganar tun tsakiyar shekara, lokacin da ake zama da dillalan inshora, ba a watan Nuwamba da an riga an buga takardu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan maigidanki ma yana da inshora a nasa wurin, ku kwatanta jerin magungunan biyu kafin lokacin zaɓen tsari na ƙarshen shekara.

Akwai kuma ƙofar gefe ta halal, wadda ta bambanta da ƙaryar da aka ba ki shawara. Magungunan nan sun samu rajista a kan wasu cututtuka ban da ƙiba. A Maris 2024 FDA ta amince da Wegovy don rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu nauyi da suka riga suka kamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, bayan gwajin SELECT na mutum sama da 17,000 ya nuna ragin kashi 20 cikin ɗari. Da wannan ne ma Medicare ta fara biyan sa ga irin waɗannan marasa lafiya. Hawan jini kaɗai ba ya shigar da ke wannan rukunin, kuma Allah ya sa kada ki shiga. A Agustan 2025 aka ƙara wa Wegovy ciwon kitsen hanta da ya fara yin tabo. Wadda na fi so ki duba ita ce ta Zepbound, wanda a Disambar 2024 aka amince da shi don ɗaukewar numfashi a cikin barci, matsakaici zuwa mai tsanani, ga masu ƙiba. Mace mai BMI 34 da hawan jini, ba abin mamaki ba ne a same ta da shi ba ta sani ba, kuma an fi kuskure shi a mata. Idan ana ce miki kina minshari mai ƙarfi, ko kina tashi da ciwon kai, ko barci na ɗibar ki da rana, ki faɗa wa likita ta tura ki gwajin barci. Ko ba don allura ba ya kamata ki sani, don ciwon da kansa na hana jini sauka. Sai dai kada in ɗaga miki rai: akwai tsare-tsaren da suka cire maganin da sunansa, ko don wace cuta aka rubuta shi.

Idan duk ƙofofin suka rufe, saura aljihu. Farashin da aka faɗa miki a kanti ba shi ne na ƙarshe ba. Kamfanonin biyu na sayarwa kai tsaye ga mai biya da kansa, Lilly ta LillyDirect, Novo ta NovoCare, kuma a 2025 farashin wata ya sauko zuwa dala 499 ko ƙasa da haka, yana ta sauyawa, sai ki duba na ranar. Takardar likita dai dole ce. Tunda inshorarki ta wurin aiki ce, kina iya amfani da katin rangwamen kamfanin, abin da doka ta hana masu Medicare da Medicaid. Idan kina da asusun ajiyar lafiya na HSA ko FSA, ki biya daga ciki don ki tsira da haraji. Amma ki yi lissafin shekara, ba na wata ɗaya ba, domin wanda ya fara ya yanke a wata na huɗu saboda kuɗi ya sha tashin zuciyar farkon magani, ya kashe dukiya, nauyin kuma ya dawo. Allurar da ake haɗawa a wasu kantuna a sayar da araha ta intanet, ni ba na tura kowa gare ta. Doka ta kawar da kai a kanta ne lokacin ƙarancin magani, FDA kuma ta sanar da ƙarewar ƙarancin tirzepatide a Disambar 2024, na semaglutide a Fabrairun 2025. Ba ta bi ta tantancewar hukuma ba, kuma an sha samun waɗanda suka zuƙi ninki goma na adadin da ya kamata saboda ruɗewa da sirinji.

Ba ki faɗi shekarunki ba, don haka zan ƙara da cewa ba a amfani da allurar da juna biyu, kuma semaglutide sai an daina shi da wata biyu kafin neman ciki. Haka wanda ke da tarihin wani nau'in dajin maƙoƙo da ake kira medulari, a kansa ko a danginsa, ba a ba shi.

In Allah ya sa aka amince, ki duba ranar da izinin zai ƙare, yawanci wata shida ne ko shekara, ki sa ta a wayarki ki fara neman sabuntawa da mako shida. Galibi za su nemi shaidar kin rage kashi 5 cikin ɗari na nauyin farko, a wurinki kilo 4.5 kenan, saboda haka ki riƙa hawa ma'aunin asibiti ana rubutawa. Tarkon da na fi gani a nan shi ne, mutum ya rage sosai, ma'aikacin asibiti ya cike fom da nauyin yau, kwamfutar kamfani ta ga BMI 28 ta ce bai cancanta ba. A gurbin nauyin farko 90 ɗin nan za a rubuta, da kwanan watan da aka auna ta, ko bayan shekara uku ne, ko kin canza likita ko inshora. Ki karɓi kwafin shafin ziyarar farkon ki adana da kanki. Wegovy daga miligram 0.25 ake farawa, a riƙa ƙarawa duk mako huɗu har a kai cikakken adadi a mako na 17, kuma idan takarda ta tsaya aka yi makonni babu allura, likita na iya cewa a koma ƙasa a sake hawa.